Yadda Ake Kashe Ƙwayoyin Cuta a Ruwan Gishiri da Girgizar Sauti

Duk mai haɗa salak a Funtua ko Malumfashi zai ce maka ya wanke latas da tumatirinsa da ruwan gishiri. Wankin yana fito da tsutsa da ƙwari, amma ƙwayoyin cuta ba su cika jin tsoron gishiri ba. Ta kwalara ma a ruwan bakin teku mai gishiri-gishiri take zaune, wata kuwa mai suna Listeria tana hayayyafa ko da gishirin ya kai kashi 10 cikin ɗari. Shi ya sa masana harkar abinci suka koma ga sautin da ya fi ƙarfin kunnen mutum, dangin wanda ake yi wa mai juna biyu hoton ciki da shi.

Da farko sai a ɗauraye ƙasar da ke jikin kayan, musamman na lambun rani irin tumatirin Danja, da ake yi wa ban ruwa daga rafin da dabbobi ke sha. Sannan a dama gishiri a ruwa mai tsabta, a zuba a bahon ƙarfe mai na'urori manne a gindinsa, a nutsar da kayan.

Da an kunna, na'urorin za su girgiza ruwan sau 20,000 zuwa 40,000 a daƙiƙa guda. Nan aikin yake. Girgizar tana haifar da ƙananan kumfa bila adadin, kowanne ya kumbura ya fashe nan take. Ƙarfin fashewar ne ke kakkaɓo ƙwayoyin cuta daga lungunan ganye, inda yatsa ba ya kaiwa, ya kuma yaga fatar wasunsu su mutu.

Sai dai sautin kaɗai ba ya gamawa da su. In ruwan jiƙa nama ne, ana haɗawa da zafi, wajen digiri 50 zuwa 60. Latas ba ya jure zafi, don haka ɗan sinadarin kulorin ake sawa. Mintuna kaɗan sun wadatar. In aka daɗe, ganyen ya yi laushi ya lalace.

Daga nan a tsame, a ɗauraye da ruwan sha, a zubar da na bahon. Wannan matakin na ƙarshe shi na fi so masu salak su riƙe tun kafin na'urar ta iso garuruwanmu, domin roba ɗaya ta ruwan gishiri da aka wuni ana tsoma ganye a ciki ita ke raba wa latas ɗin yamma ƙwayoyin da na safe ya bari.