Koyar da Fasahohin Harshe a Firamare ta Hanyar Tarihin Layin Dogo: Misali daga Arlit

Gabatarwa

Fasahohin harshe da ake ɗora yaro a kansu a firamare guda huɗu ne: sauraro, magana, karatu da rubutu. Tun da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar a shekarar 2025, tambayar da ke gabanmu ita ce: da wane matani za a koyar da su? Wannan muƙala ta gabatar da darasin da na gwada a wani aji na huɗu a garin Arlit, inda na ɗauki tarihin shimfiɗa layin dogo a matsayin matani. Hujjata ita ce, ko da jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Arlit ba, kalmominsa sun riga sun iso, suna bakin yaran, kuma malami zai iya gina darasi a kansu.

Taƙaitaccen tarihi domin malami

An fara aikin layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, dogon ya isa Kano a 1911. An ɗebo leburori ta hannun sarakuna da hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Turawa sun sa ran auduga ce za ta cika taragu, sai gyaɗa ta yi rinjaye. Daga baya reshe ya kai Ƙaura Namoda a 1929, wani ya kai Nguru a 1930, dukansu ba su tsallako iyaka ba. Zuwan jirgi Kano ya ƙara raunana fataucin Sahara wanda ayarin raƙuman Abzin ke da babban rabo a cikinsa.

Ta ɓangaren Faransawa kuwa, layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Paraku a 1936. Shi ya sa, bayan kamfanin SOMAÏR ya fara fitar da yuraniyom a 1971, aka shafe shekaru manyan motoci na ɗaukarsa daga Arlit har Paraku, sannan a ɗora shi a jirgi zuwa bakin teku. Iyaye da kakannin wasu daga cikin ɗaliban ajin nan su ne direbobin motocin.

Mataki na ɗaya: sauraro da magana

A ranar farko na yi kuskure. Na shiga ba da labarin jirgin ƙasa kai tsaye, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: “Malam, jirgin ƙasa shi ne jirgin da ya sauka?” A wurinta jirgi abu ne mai tashi, domin shi take gani a samaniyar garinsu. Tambayarta ta fi shirin da na zo da shi amfani, don haka washegari na fara daga kalmar kanta.

Asalin ma'anar “jirgi” abin hawa ne na kan ruwa. Da sababbin abubuwa suka zo, Bahaushe bai ari suna ba, ya faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ya bambanta su da harɗaɗɗen suna: jirgin ruwa, jirgin ƙasa, jirgin sama. Malami ya faɗi sunayen uku, yara su maimaita, su nuna hoton kowanne. Sannan ya nemi su kawo sunaye masu irin wannan gini daga gidajensu, kamar bakin kasuwa da motar haya. Ta haka suna jin aikin mahaɗin -n bayan suna namiji da -r bayan suna mace, tun kafin a gaya musu ƙa'idar.

Mataki na biyu: karatu ta hanyar gaɓa

A rubuta waɗannan kalmomi a allo, a rarraba su gaɓa-gaɓa, yara na tafawa: ta-sha, di-re-ba, ti-ki-ti, le-bu-ra, fa-sin-ja. Dukansu aro ne daga Ingilishi, kuma kowacce ta bi tsarin sautin Hausa. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere. A “direba” an saƙala wasali tsakanin d da r, a “tasha” kuwa an shafe s ɗin farko na kalmar “station”. A “tikiti” an ƙara wasali a ƙarshe, saboda mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa.

Abin lura ga masu nazarin kalmomin aro shi ne, yaron Arlit yana cewa “lakwal” da “kamyo”, waɗanda suka fito daga Faransanci, amma wurin hawa mota “tasha” yake kiransa. Kalmar ta taso daga ƙasar da Ingilishi ya yi mulki, ta bi fatake da direbobi har arewacin Agadas. Ba sai an yi wa yaro wannan bayani duka ba. Ya isa ya gane cewa kalma ma tana tafiya.

A nan ne kuma ake koyar da haruffa masu lanƙwasa. Ajin ya haɗa yaran da suka tashi da Tamajak da Zabarmanci da Hausa, kuma da yawansu suna rubuta “jirgin kasa”. Sai a jera “ƙasa” da “kasa”, a tambaye su: jirgin ya bi ƙasa ne, ko ya kasa? Dariyar da suka yi ta tabbatar mini sun ji bambancin.

Mataki na uku: rubutu

Aikin shimfiɗa dogo aiki ne na bi da bi, saboda haka ya dace da koyar da jerin aukuwa. A rubuta jimloli huɗu a takardu dabam-dabam, a cakuɗa su, yara su jera: “Ma'aikata sun share daji. Suka daidaita ƙasa. Suka zuba tsakuwa. Suka shimfiɗa ƙarafa.” Jimlar farko tana shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, sauran suna na biyu, wanda shi ne ke jan zaren labari a Hausa.

Yaran da iyayensu suka fito daga Adar sukan rubuta “sunka” da “munka”. Kada malami ya ja musu jan biro. Wannan karin harshen yamma ne, kuma daidai yake a bakin masu shi. A raba allo gida biyu, a sa “sunka” a gefe ɗaya, “suka” a ɗayan, a bayyana cewa na biyun ne daidaitacciyar Hausa ta zaɓa. Yaron da aka kunyata a kan maganar gidansu yakan daina ɗaga hannu.

Aikin gida shi ne kowane ɗalibi ya tambayi wani babba yadda ya yi tafiyarsa mafi nisa, ya rubuta amsar cikin jimloli biyar. Wasu sun dawo da labarin raƙumi, wasu da na kamyo a hanyar Tawa.

Kammalawa

Layin Yamai zuwa Doso da aka fara a 2014 bai zama hanyar zirga-zirga ba, na Kano zuwa Maraɗi kuwa a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa. Mai yiwuwa waɗannan yara su girma kafin su ga jirgin ƙasa, amma darasin bai dogara da ganinsa ba. Shawarata ga ƴan'uwana ɗalibai ita ce mu riƙa tattara kalmomin sana'o'in garuruwanmu, na ma'adinai da na sufuri da na kiwo, mu mayar da su gajerun matanin karatu. Malamin firamare ba shi da lokacin wannan bincike, mu kuwa shi aka horar da mu mu yi.