Matakan Warware Wasan Cike Haruffa na Birtaniya Idan Jigonsa Abincin Mashaya Ne

A wasan cike gidaje da haruffa irin na jaridun Birtaniya, kowace jimla kacici-kacici ce da aka shirya don ta ɓad da kai. Edward Powys Mathers ya yi suna da wannan salo a jaridar Observer tun 1926, Times kuma ta fara nata wasan a 1930. Wani lokaci mai tsarawa kan ɗauki abincin mashayar Birtaniya a matsayin jigo, kuma ina ganin nan ne mai koyo ya fi samun sauƙin shiga.

Mataki na 1. Haddace sunayen abincin. Ba sai ka taka mashaya ba. Fish and chips soyayyen kifi ne da dankalin Turawa. Bangers and mash niƙaƙƙen nama ne da aka ɗura a hanji, tare da markaɗaɗɗen dankali. Shepherd's pie da naman rago ake yi, cottage pie da na shanu.

Mataki na 2. Dubi lambobin da ke ƙarshen jimla, su ne yawan haruffan kowace kalma ta amsar. In ka ga 4,3,5, gwada fish and chips. In 4,2,3,4 ne, gwada toad in the hole, shi ma abincin mashaya ne.

Mataki na 3. Raba jimlar gida biyu. Ma'anar amsar takan zauna a farko ko a ƙarshe, saura kuwa dabara ce.

Mataki na 4. A nan aikin yake: yi zargin duk wata kalmar girki. Mashed, scrambled da battered umarni ne cewa a hautsina haruffan kalmar da ke kusa. Ga misali: "Fish steak, battered (5)". Ido zai nuna maka kifin da aka tsoma a kwaɓin fulawa aka soya. To amma battered na kuma nufin abin da ya sha duka. Jibgi haruffan STEAK har su sauya wuri, sai SKATE ta fito, wani kifi ne mai faɗi da suke ci. Ma'anar tana nan tun kalmar farko. Ita kanta pie takan yi wannan aiki, domin a bakin ma'aikatan ɗab'i na da, tana nufin haruffan da suka cakuɗe. Gwanin mai tsarawa ba ya yi maka ƙarya ko ta harafi ɗaya, hankalinka kawai yake karkatarwa zuwa kicin. Wannan gaskiyar tasa ce ta sa nake ƙaunar wasan.

Mataki na 5. Nemi kalma mai fuska biyu. Banger na iya zama tsohuwar mota mai ƙara, chips kuma laƙabin kafinta ne.

Mataki na 6. Rubuta da fensir. Fara da doguwar amsa, haruffanta za su ratsa gidajen sauran su buɗe maka gajerun.