Darasi na Bakwai: Burauza, Babakere a Kasuwa da 'Yancin Yanar Gizo

1.0 Gabatarwa

A ƙaramar hukumar Gwiwa ta masarautar Kazaure, kamar dai a Roni da Ɓaɓura da sauran garuruwan arewa maso yammacin jihar Jigawa, akasarin masu shiga intanet ta wayar hannu suke shiga. Mutum yakan sayi waya ƙirar Tecno ko Infinix mai aiki da tsarin Android, ya tarar an riga an zuba mata manhajoji, ya ci gaba da amfani da su ba tare da ya tambayi wanda ya zaɓa masa su ba. Wannan darasi zai yi nazari a kan ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, wato burauza. Za a dubi yadda kamfanoni suka yi ta kokawar mamaye kasuwarta, da kuma abin da wannan kokawa ta shafi malamin Hausa da ɗalibansa.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi mai koyon aikin malanta ya iya:
(a) bambanta burauza da shafin bincike da kuma intanet;
(b) bayyana yadda kamfani ɗaya yake yin babakere a kasuwar burauza;
(c) nuna dangantakar buɗaɗɗiyar yanar gizo da bunƙasar rubutun Hausa.

3.0 Ma'anar Burauza

Intanet ita ce sadarwar da ta haɗa kwamfutoci da wayoyi na duniya. Yanar gizo kuwa ita ce tarin shafukan da ake karantawa ta cikin wannan sadarwa. Burauza ita ce manhajar da take ɗauko shafi daga inda aka ajiye shi, ta shimfiɗa shi a fuskar waya ko kwamfuta yadda za a iya karantawa. Misalanta su ne Chrome da Firefox da Safari da Edge da Opera. Shi kuma shafin bincike, irin su Google da Bing, aikinsa shi ne nuna wa mai nema inda bayani yake. Ɗalibai da dama sukan cakuɗa waɗannan abubuwa, su kira su duka da sunan kamfani ɗaya.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tim Berners-Lee ne ya ƙirƙiro yanar gizo a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke kusa da birnin Janeba, tsakanin 1989 da 1990. A ranar 30 ga Afrilu, 1993, cibiyar ta saki wannan fasaha kyauta ga kowa. Ma'anar buɗaɗɗiyar yanar gizo ke nan: ƙa'idojin gina shafi a bayyane suke, kowa yana iya buɗe shafinsa ba tare da neman iznin wani kamfani ba, kuma kowace burauza tana iya karanta shi.

3.1 Kokawar Farko: Netscape da Microsoft

A shekarar 1994 aka fitar da burauzar Netscape Navigator, nan da nan kuma ta mamaye kasuwa. A 1995 kamfanin Microsoft ya fito da tasa, Internet Explorer, daga baya ya haɗe ta da tsarin Windows, wanda shi ne a cikin mafi yawan kwamfutocin duniya. Duk wanda ya sayi kwamfuta sai ya tarar da ita a ciki, kyauta. Cikin 'yan shekaru Netscape ta durƙushe, har ya kasance a farkon shekarun 2000 fiye da kashi 90 cikin 100 na masu shiga yanar gizo da Internet Explorer suke shiga.

A 1998 gwamnatin Amurka ta kai Microsoft kotu bisa zargin babakere. A 2000 alƙali ya ba da umarnin a raba kamfanin gida biyu, amma kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin a 2001, aka kuma yi sulhu. Illar rashin abokin gasa ta fito fili bayan haka: daga 2001 da aka fitar da Internet Explorer ta shida, sai a 2006 aka fitar da ta bakwai. Haka kuma, masu gina shafuka da yawa sun riƙa tsara su don su dace da wannan burauza kaɗai. Fitowar Firefox a 2004, daga gidauniyar Mozilla, ita ce ta sake farfaɗo da gasa.

3.2 Zamanin Chrome

Kamfanin Google ya fitar da Chrome a 2008. A 2022 Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya, a 2024 kuwa kimanin kashi biyu cikin uku na masu shiga yanar gizo a duniya da Chrome suke shiga. Ingancinta ya taimaka mata, amma hanyar da Microsoft ya bi a kwamfuta ita ce aka sake bi a waya, domin tsarin Android ma na Google ne. A 2018 Tarayyar Turai ta ci Google tarar Yuro biliyan 4.34, saboda sharaɗin da ya gindaya wa masu ƙera waya na su sanya Chrome da shafin bincikensa tun daga masana'anta. A watan Agusta na 2024 wata kotun tarayya a Amurka ta yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a harkar bincike. A wajen shari'ar ne aka bayyana cewa a 2021 kaɗai kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 don shafin bincikensa ya zama shi ne wanda mai saye zai tarar an saita masa. A Satumbar 2025 kotun ta ƙi amincewa da buƙatar a tilasta masa sayar da Chrome.

Bugu da ƙari, yawan sunayen burauza yana iya ruɗar mutum. Kowace burauza tana da injin da yake fassara shafi, kuma manyan injinan guda uku ne: Blink na Google, da WebKit na Apple, da Gecko na Mozilla. Opera ta koma kan injin Google a 2013, Edge ma ta bi sahu a 2020. Ita kanta Mozilla, mafi yawan kuɗin shigarta daga Google yake zuwa.

3.3 Yadda Lamarin Yake a Ƙasar Hausa

Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a 2001. A jihar Jigawa, gwamnatin Ibrahim Saminu Turaki (1999 zuwa 2007) ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure. Sai dai ga mutumin karkara, tsadar data da raunin sabis su ne suka fi yanke masa hukuncin burauzar da zai riƙe. Wannan ne ya sa Opera Mini ta samu karɓuwa ƙwarai a Nijeriya, domin takan matse shafi a kwamfutocin kamfanin kafin ta turo shi, sai ya buɗe da sauri, ya kuma ci data kaɗan. Abin lura shi ne, sauƙin yana tafe da sharaɗi, wato shafin da aka nema sai ya bi ta hannun kamfanin.

Misali na biyu shi ne Free Basics, shirin da Facebook ya ƙaddamar a Nijeriya tare da Airtel a 2016, wanda ya ba mutane damar shiga wasu zaɓaɓɓun shafuka ba tare da biyan kuɗin data ba. A farkon wannan shekarar ce hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan tsari, bisa hujjar cewa bai kamata a fifita wasu shafuka a kan wasu ta hanyar farashi ba. Muhawarar tana da fuska biyu: mai ƙaramin ƙarfi ya samu abin karantawa kyauta, amma wani ne ya zaɓa masa abin da zai karanta.

Nijeriya ma tana da dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. A watan Yuli na 2024 hukumar ta ci kamfanin Meta, mamallakin Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Nijeriya.

3.4 Abin da Ya Shafi Malamin Hausa

Da farko, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa daidai a kowace burauza ta zamani ne saboda an shigar da su cikin ƙa'idar bai-ɗaya ta Unicode, wadda ba ta rataya a kan manhajar kamfani ɗaya ba. Inda babu irin wannan ƙa'ida, bambancin da ke tsakanin "ƙasa" da "kasa" ko "ɓata" da "bata" yakan salwanta.

Na biyu, rubutun Hausa mai yawa, kamar ƙagaggun labarai da waƙoƙi da wa'azi, a cikin zaurukan WhatsApp da Facebook yake yawo. Rubutun da ke cikin zauren WhatsApp ba ya fitowa a shafin bincike, kuma yakan ɓace idan waya ta lalace ko an rufe zauren. Wanda aka ajiye a buɗaɗɗen shafi, kamar Wikipedia ta Hausa, ɗalibin Gwiwa da na Maraɗi duk suna iya samunsa da kowace burauza.

Na uku, ya kamata malami ya nuna wa ɗalibansa a aikace cewa ana iya sauke wata burauza, ana iya sauya shafin binciken da aka tarar, ana kuma iya rubuta adireshin shafi kai tsaye. Ɗalibin da zai yi rajistar jarrabawa ko duba sakamako, idan shafi ya ƙi buɗewa a burauza ɗaya, sanin cewa akwai wata yana iya cetonsa daga asarar lokaci da kuɗin mota.

4.0 Kammalawa

An ga yadda Internet Explorer ta kayar da Netscape, da yadda Chrome ta gaje ta, kuma a duka biyun abin da mai saye ya tarar a cikin na'urarsa ya yi tasiri matuƙa. An kuma ga cewa rubutun Hausa ya fi samun kariya a inda ƙa'idoji suke na kowa. Aikin malami shi ne ya sanar da ɗalibi cewa yana da zaɓi, ya kuma koya masa yadda zai yi amfani da shi.

5.0 Auna Fahimta

1. Bambanta burauza da shafin bincike, tare da kawo misalai biyu-biyu.
2. Wace hanya Microsoft da Google suka bi wajen mamaye kasuwar burauza?
3. Tattauna amfani da illar shirin Free Basics ga mazaunin karkara.
4. Tsara darasin minti 40 da za a koya wa 'yan ƙaramar sakandare rubuta haruffa masu lanƙwasa a waya.