Kafin ka bar kwamfuta ta yi wa kanta shara

Ina gyaran kwamfuta a Tasawa. Abin da ya fi zuwa teburina shi ne allon da ya fashe, batirin da ya kumbura, da fankar da ƙurar hunturu ta toshe. Waɗannan duk kuɗi ke maganinsu. Aikin da aka kawo mini a watan Afrilu kuwa ba shi da magani, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Wata ƙungiyar mata manoma ce daga wani ƙauye na yankin Kanan Bakashe, cikin gundumar Mayahi. Warantaj suke yi. Da kaka kowace ta kai buhunan gero ko wake magaza, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da rance. A ba su kuɗi su yi kiwo ko ƙuli-ƙuli, sai bazara, in hatsi ya yi daraja, a buɗe, a biya bashi, kowace ta kwashi nata. Harkar gaba ɗaya a kan rubutu take tsaye: wance buhu nawa ta kawo, tiya nawa ta cika, nawa ta karɓa, nawa ya rage mata.

Sakatarensu yaro ne mai natsuwa, ɗan ɗaya daga cikinsu. Wani shirin raya karkara ne ya ba su kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙaramin SSD na giga 128. An turo masa teburin Excel ta WhatsApp, ya sauke, ya cike shi a nan inda ya sauka, cikin Téléchargements. Hotunan rasit, takardar yarjejeniya, jerin sunaye da dangwalen yatsu, duk can suke. Da aka kulle magaza a watan Nuwamba bai sake buɗe su ba, domin ba abin da zai kai shi.

A watan Janairu diski ya cika, ya nuna ja. Sai ya kai wa wani mai tura waƙoƙi da fina-finai a waya a bakin tasha, irin waɗanda ke ƙara "gyaran kwamfuta" a ƙasan allonsu. Ya karɓi jika biyu, ya ce an yi mata wanka, daga yau ita za ta riƙa share kanta. Yaro ya koma gida yana murna, na'ura ta yi sauri.

Da lokacin buɗe magaza ya gabato, ya shiga dosiyen ya tarar wayam. Ya koma wurin mutumin. Shi kuma, don ya cika aikinsa, ya sauke manhajar dawo da fayil a kan diskin da ake neman ceto, ya ƙara da wata, ya ƙara da ta uku. Sai da ya ga ba ci sannan ya ce a zo wurina.

Shugabar ƙungiyar ce ta rako shi, dattijuwa, ta zauna a benci ta ƙi ko shan ruwa. Ta ce: "Ɗana, ni ban san kan wannan abu ba. Tsakaninka da Allah, yaron nan ne ya goge, ko kuwa?"

Na buɗe Paramètres, na shiga Système, na shiga Stockage. Ga Assistant de stockage a kunne, an sa shi ya yi aiki kowace rana. Corbeille: kwana 1. Téléchargements: kwana 14. Bayan wannan ga wata manhajar shara ta sata, da aka fasa lasisinta, ita ma tana tashi duk lokacin da aka kunna na'ura. Na juya mata allon ko da yake ba ta karatu, na ce: "Inna, ba shi ba ne. An ba na'urar umarni ne cewa duk takardar da ta yi mako biyu ba a buɗe ba ta goge ta. Ita kuma ta bi umarni."

Na cire diskin, na karanta shi a wata na'ura, na bi shi da PhotoRec, manhajar dawo da fayil. Da tsohon diski ne mai juyawa, da akwai fata. A SSD kuwa TRIM, tsarin da ke wanke gurbin abin da aka goge, ya riga ya gama aikinsa tun watan Janairu. Abin da ya rage kawai sunayen fayilolin ne a jerin da Excel ke nunawa na waɗanda aka buɗe kwanan baya. Ga suna kana gani, wake, gero, rance, ka danna ya ce babu. Yaron ya danna, ya sake dannawa, sannan ya sunkuyar da kai.

Abin da muka iya tattarowa kaɗan ne. Teburin da ke cikin wayarsa fanko ne, yadda aka turo shi. Wasu hotunan rasit sun tsira a wayar. Masu rance suna da jimillar kuɗi, amma rabon buhu-buhu da cikon tiya-tiya yana wurin ƙungiya. Littafin da suke rubutu a da sun ajiye shi tun ranar da kwamfuta ta zo. Sauran sai abin da kowace ta tuna, kuma in ana maganar hatsi a bazara kowa da irin tasa tunawar. Na ji mata biyu da suka girma tare sun daina gaisawa a kan buhun wake guda. Na aika saƙon murya na bayyana abin da na gani a na'urar, amma a ƙauye maganar da ta riga fita ita ce yaro ya ci amana. Wanda ya karɓi jika biyu yana nan a tasha, yana tura waƙoƙinsa.

To ga abin da nake so kowa ya riƙe. Shara ta atomatik kwanan wata take dubawa, ba ta san darajar takarda ba. Takardar da ta fi muhimmanci sau da yawa ita ce wadda ake buɗewa sau ɗaya a shekara. Kunna ta ba tare da duba saitinta ba kamar ka ba baƙo tsintsiya ne, ka ce duk abin da ya ga ƙura a kansa ya fitar waje.

Windows ta zo da Assistant de stockage tun 2017, kuma yana da amfani in an saita shi da hankali. Wurin Téléchargements yana zuwa ne a kan Jamais. Hannun mutum ne ke mai da shi kwana 1, 14, 30 ko 60. Ku bar shi a Jamais. Abin da ya goge daga can ba ya biyawa ta Corbeille. Ita Corbeille tana zuwa a kwana 30, ni nakan mai da ita 60 a na'urorin ofis. Lokacin aiki ku sa kowane wata, ko sa'ad da wuri ya yi ƙaranci. Ba wanda ke bukatar shara kullum. Fayilolin wucin gadi ku bar shi ya share, don su aka yi shi.

Ku kuma masu kwamfuta, kuna da naku laifin. Na sha ganin sakatare a ofis yana ajiye takardu cikin Corbeille da gangan, wai don kada a gani. Na ga darektan makaranta da makin ɗalibai na shekara guda cikin Téléchargements, a tsakanin bidiyon biki da wa'azi. Diski ya cika da fina-finan Indiya, maimakon a kwashe su sai a nemi manhajar da za ta yi sihiri. Téléchargements mashiga ce. Abin da ya sauka, a ɗauke shi a kai Documents a ranar.

Masu kiran kanku masu gyara, ku ji tsoron Allah. Kada ka taɓa saitin shara a na'urar wani ba ka tambaye shi inda yake ajiye aikinsa ba. Minti biyu ne. Kuma ku daina cusa wa mutane manhajojin sata. Manhajar shara CCleaner ta asali ma, daga shafin kamfaninta, an taɓa cusa mata ɓarna a 2017, sigar 5.33, ta shiga na'urori sama da miliyan 2 kafin a gano. Ina ga wadda ka kwafo daga kile ɗin abokinka? Sharar rajistar Windows ba ta ƙara wa kowa sauri. Goge sararin da ba komai a SSD wahalar da diski ne kawai, a tsohon diski kuma yana kashe damar ceto ta ƙarshe. Manhajar tsaro biyu a na'ura ɗaya faɗa suke yi.

Tun da tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, mutane na ta kai na'urori a ɗora musu Windows 11. Ku sani Windows.old, dosiyen da ke riƙe da kayan tsohuwar Windows, kwana 10 yake yi ya tafi. Ku kwashe kayanku kafin ku miƙa na'ura, kada ku dogara da "ai komai na nan".

In fayil ya ɓace, kashe na'urar nan take. Kada ka sauke komai a kanta, kada ka bari a sauke. In kile ne ya nuna gajerun hanyoyi kawai, yawanci ɓoye fayilolin aka yi, kada ka yarda a yi masa format.

Ƙungiyoyin Korgom, Maijirgi, Urafan, Isawan da Caake, da ma'aikatan magajin gari da na asibitocin karkara: duk lissafin da ya shafi dukiyar mutane a yi masa kwafi a kile, a buga shi a takarda, shugaba ta ajiye ɗaya, ma'aji ɗaya. Littafi kuma a ci gaba da rubuta shi da biro. Yau ɗin nan ku buɗe Stockage ku duba abin da aka sa a gaban Téléchargements. In ba Jamais ba ne, ku gyara kafin ku kashe na'urar.