Rage Wa Allo Kaya: Shawara Ga Mai Tace Bidiyo

Mutum ya kunna talabijin don ya kalli fim, sai ya tarar da tambarin tasha a sama, agogo a gefe, lambar mai talla na gudu a ƙasa, ga sanarwar shiri na gaba ta rufe haɓar jarumi. In kai ne mai tace bidiyo a tasha, ko kana ɗora shiri a YouTube, ga aikin gobe da safe.

1. Fara da ƙirga. Tsayar da shirin a tsakiya, ka lissafa duk abin da ba kyamara ce ta ɗauko shi ba. In sun haura uku, kaya sun yi yawa. Sauke wanda mai kallo ba zai nema ba.

2. Tambari ɗaya, kusurwa ɗaya. Ajiye shi a PNG marar bango, ka rage ƙarfinsa zuwa rabi. Ban da juyi, ban da walƙiya. Tambari mai haske da ya daɗe a wuri guda yana iya barin tabo a allon OLED, ka ga ka jawo wa mai kallo asara.

3. Bar rata a gefe. Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai, EBU, ta ba da shawarar a bar kashi 5 cikin 100 a kowane gefe. A hoto mai 1920 da 1080, wannan na nufin fiksel 96 hagu da dama, 54 sama da ƙasa. Wasu akwatunan talabijin suna datse bakin hoto, rubutun da ya matsa can sai ya tafi.

4. Ƙasan allo na fassara ne. In fim ɗinka na da fassarar Turanci, kada lambar waya ta hau kanta. Sunan baƙo kuwa, daƙiƙa biyar sun isa, sai ya sauka.

5. Yi hattara da rubutu mai gudu. Tashoshin labarai na Amurka sun mayar da shi na kullum ne bayan harin 11 ga Satumba, 2001. Na labari mai zafi ne. A cikin wasan kwaikwayo ba abin da yake yi sai raba hankali.

6. San lokacin sanarwa. A 2010, BBC ta saki zanen tallan wani shiri daidai lokacin da wasan kwaikwayon Doctor Who ya kai maƙura. Dubban mutane suka kai ƙorafi, har tashar ta nemi afuwa. Jira wuri ya lafa, ko a tafi hutu.

7. Duba haruffa. Zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ƙ, ɗ da ɓ, kada sunan baƙonka ya fito da akwati a tsakiya.

8. Gwada kafin ka saki. Kalla a waya, sannan a ƙaramin talabijin daga nesa. Abin da bai karantu ba, ko ka ƙara masa girma ko ka cire shi.

In mai talla ya nace sai lambarsa ta zauna daga farko har ƙarshe, ba shi allo gaba ɗaya na daƙiƙa goma a lokacin hutu. A nan ne mutane za su iya kwafe lambar a natse.