Nazari: Yadda Ake Zaɓen Akwatin Sitiyari Ga Motar Akori-Kura Mai Ɗaukar Lodi

MUTUM BIYU, Jihar Taraba — Da zarar damina ta ɗauke aka shiga kaka, babu wata kadara da ta kai motar akori-kura muhimmanci ga ɗan kasuwar amfanin gona a wannan gari, wanda shi ne hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gassol. Ita ce ke kutsawa ƙauyuka ta kwaso masara da shinkafa da gyaɗa da riɗi, ta fito da su bakin titin Jalingo zuwa Wukari inda manyan motoci ke jira, ita ce kuma ke jigilar doya zuwa kasuwar Ɗan Anaca. Lodi mai nauyi a kan hanya mai ramuka da kwazazzabai yana cin ƙarafunan gaban mota, kuma cikin waɗanda suka fi tsada akwai akwatin sitiyari. Lamarin ya ƙara tsananta bayan karyewar gadar Namnai a watan Agusta na 2024, lokacin da tilas ta sa direbobi da yawa suka koma zagayawa ta Garba Cede ko kuma ƙetare ruwa.

Kuskure wajen sayen wannan ƙarfe yana jawo asara iri biyu: ta dukiya, sa'ad da mota ta kwanta a gareji ana tsakar ciniki, da ta rayuka, sa'ad da sitiyari ya ƙi bin umarnin direba alhali mota tana ɗauke da buhuna.

Aikin da akwatin yake yi

Akwatin sitiyari, wanda makanikai ke kira sitiyarin bos, shi ne ke mayar da juyawar sitiyari ta zama turi ko ja ga tayoyin gaba. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai murɗaɗɗen zare kamar kusar noti, da ƙananan ƙwallayen boris da ke zagayawa cikin zaren domin rage guga. Idan direba ya murɗa sitiyari, babban notin da ke kan zaren sai ya matsa, haƙoransa su juya wani gajeren sanda da ke fitowa ƙasan akwatin. A kan wannan sanda ake ɗaura hannun ƙarfen da ake kira fitman, wanda ke jan tayarod, tayarod kuma ya juya taya. A mota mai sitiyarin fawa, famfo ne ke turo mai da ƙarfi zuwa cikin akwatin domin ya sauƙaƙa wa direba.

Ba kowace akori-kura ce ke da irin wannan akwati ba. Ana samunsa a Toyota Land Cruiser samfurin 79, da tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu na kafin 2005, da kuma Dyna da Canter. Amma Hilux daga samfurin 2005 zuwa sama, da Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, suna amfani da wani tsari daban da ake kira rak. Saboda haka matakin farko shi ne mai mota ya san wanne ne a motarsa.

A tabbatar da cutar kafin a sayi magani

Sau da yawa akan ɗora wa akwati laifin da ba nasa ba. Wasa a sitiyari, ko yawon mota a kan titi, ko karkarwar gaba bayan an faɗa rami, duk suna iya fitowa daga kan tayarod da ya cinye, ko boljoyin, ko boris ɗin taya, ko bushin, ko ma kusoshin da ke riƙe da akwatin a jikin casis idan sun kwance. A motar da ta daɗe tana lodi, casis ɗin kansa yakan tsage a daidai mazaunin akwatin.

Gwajin ba shi da wuya. A tsayar da mota tayoyinta na kallon gaba, yaron mota ya riƙa girgiza sitiyari hagu da dama a hankali, makanike kuma ya tsuguna yana dubawa. Idan sandan da ke shiga akwati yana juyawa amma fitman bai motsa ba, to wasan yana cikin akwati. Idan kuwa fitman yana motsi amma taya ba ta amsa ba, to laifin na tayarod ne ko abokan aikinsa, waɗanda kuɗinsu bai kai na akwati ba ko kusa. Littattafan gyara na Toyota sukan sa iyakar wasan da aka yarda da shi a bakin sitiyari tsakanin milimita 30 zuwa 40, gwargwadon samfurin mota.

Akwai wata kusa a saman akwatin da ake ɗaurewa domin rage wasa. Tana da amfani idan cinyewar kaɗan ce, amma makaniken da ya matse ta fiye da kima zai sa sitiyari ya riƙa cijewa a tsakiya, ya daina komawa da kansa bayan kwana, haƙoran ciki kuma su ƙara saurin lalacewa. Haka nan yoyon mai kaɗai ba dalilin sauya akwati ba ne. Idan sandan bai yi tsatsa ko zabga ba, sauya sil ya wadatar.

Hanyoyi huɗu da ke gaban mai saye

Na farko shi ne sabo na kamfanin da ya ƙera motar, wanda ake samu wajen dillalan da kamfani ya amince da su. Ya fi kowanne tsada, ya fi kowanne daɗewa.

Na biyu shi ne na hannu, watau Baljiyam ko Tokumbo, wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a ƙasar waje. Manyan kasuwanninsa su ne Ladipo a Legas, da Mgbuka Obosi kusa da Anaca, da Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja. Ƙirar kamfani ce, amma babu mai iya faɗin tsawon tafiyar da ya riga ya yi.

Na uku shi ne sabo na wasu kamfanoni masu kwaikwayon na asali. A cikinsu akwai nagari masu suna da lamba, akwai kuma jabu da ake sakawa cikin kwali mai tambarin kamfani. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, ta kafa tsarin SONCAP a 2005 domin tantance kayan da ake shigowa da su, amma wannan bai ɗauke wa mai saye nauyin dubawa da idonsa ba.

Na huɗu shi ne gyara tsohon, a sauya sil da boris da bushin. Yana da fa'ida muddin haƙora da zaren ciki ba su cinye ba. Idan sun cinye, sabon sil zai tsayar da yoyo ne kawai, wasan yana nan.

Abubuwan da dole su dace

Abu na farko shi ne ɓangaren da sitiyari yake. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyarin motocinta kuma yana hagu. Japan da Ingila da Tailan da Ostareliya da Afirka ta Kudu nasu yana dama, kuma daga irin waɗannan ƙasashe ake samun kayan Hilux da Land Cruiser masu yawa. Akwatin dama kishiyar na hagu ne a ƙira, ba ya zama a mazaunin ɗan'uwansa. Duk makaniken da ya ce zai huda casis ko ya yi walda domin ya zaunar da shi, to a gode masa a wuce.

Na biyu shi ne lambar casis. Da ita ake fitar da lambar ƙarfen daidai, domin mota iri ɗaya takan sauya ƙira daga shekara zuwa shekara. Na uku, a ƙirga ramukan kusoshi da tazarar da ke tsakaninsu, da yawan haƙoran da ke bakin sandunan shiga da fita, da girman zaren da mesar mai ke ɗaurawa. Na huɗu, a ƙirga sau nawa sandan ke juyawa daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, a gwada da tsohon. Akwati mai ƙarancin juyi yana sa mota saurin amsawa, abin da ke da haɗari ga motar da aka yi wa dogon lodi. Mai yawan juyi kuma yana rage wa direba nauyi amma yana jinkirta kauce wa rami. Mafi aminci shi ne a tsaya kan ƙimar da kamfani ya sa.

Daga Mutum Biyu zuwa kowace daga cikin manyan kasuwannin nan tafiyar yini ce ko fiye, shi ya sa da yawa ke saye ta waya a aiko musu a mota. Wannan cinikin biri ne a sama. Abin da ya fi shi ne a tura makanike da tsohon akwatin a hannunsa, ya ajiye su gefe da gefe. Ya juya sandan da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe ya ji ko akwai gurzawa ko cijewa, ya duba haƙoran sandan fita ko sun murɗe, wanda alama ce ta motar da ta yi karo, ya kuma lura da tabon walda ko sabon fenti mai kauri da ke ɓoye tsagewa. Akwatin da aka taɓa yi wa walda ba shi da farashin da ya cancanci a saye shi.

Lissafin ɗan kasuwa

Farashin waɗannan kayayyaki yana bin Dala ne. Kafin a saki Naira a watan Yuni na 2023, Dala ɗaya tana kusan N460 a farashin hukuma; zuwa Fabrairun 2024 ta haura N1,500. Wannan ya sa mutane da yawa suka koma neman mafi araha. Amma abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin da ƙarfen zai ci a kowace shekarar aiki, haɗe da ladan makanike da cinikin da aka rasa sa'ad da mota take kwance.

Ga misali da alkaluman da aka ƙaddara domin darasi kawai, mai karatu ya sa nasa a gurbinsu. A ɗauka ladan aiki N40,000 ne, mota kuma za ta kwanta kwana 4 ana rasa N50,000 kullum, watau N240,000 a duk sauyi. Sabon kamfani na N900,000 da zai yi shekara 6 ya tashi N1,140,000, watau N190,000 a shekara. Na hannu mai kyau na N350,000 da zai yi shekara 2 ya tashi N590,000, watau N295,000 a shekara. Mai araha na N250,000 da zai yi shekara 1 ya tashi N490,000 a shekara. A nan maganar magabata ta tabbata, cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Sai dai lissafin bai ƙare ba, domin jari ma yana da farashi. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ƙimar ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, kuma ɗan kasuwar da ke juya kuɗinsa a hatsi ya san abin da zai rasa idan ya daskarar da su a ƙarfe. Idan aka ƙaddara cewa jarin yana kawo kashi 30 cikin ɗari a shekara, nauyin sabon zai koma kimanin N431,000 a shekara, na hannu kimanin N434,000, mai araha kuwa N637,000. Ma'ana, ga wanda jarinsa ke da tsada, sabo da na hannu mai kyau sun yi kunnen doki, amma mai araha ya faɗi a lissafin biyu duka.

Abin da zai raba gardama shi ne halin motar da na mai ita. Idan motar ta tsufa, saura mata shekara 2 ko 3 a aiki, na hannu da aka duba da kyau ya fi dacewa. Idan kuwa lafiyayya ce kuma a kanta kasuwancin ya dogara, sabo ya fi, musamman da yake wanda ya saya sau ɗaya ya tsira daga tashin farashin sauyi biyu masu zuwa. Daɗin daɗawa, kwana 4 a watan Nuwamba ba daidai suke da kwana 4 a watan Yuni ba. A yi gyaran kafin kaka.

Rasit da ɗaurawa

Kada a biya ba tare da rasit mai ɗauke da lambar ƙarfen da sunan shago da kwanakin gwaji da aka amince a kansu ba. A nemi kwanakin su fara daga ranar da kayan ya iso hannu, ganin nisan hanya. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018 ta ba mai saye damar mayar da kaya mai aibi ko mai haɗari, amma da wuya ya ci moriyarta in babu shaida a rubuce.

Wajen ɗaurawa, a zubar da tsohon mai gaba ɗaya a wanke famfo da mesa, domin ɓarɓashin ƙarfen da ya rage zai kashe sabon akwati. A zuba irin man da littafin motar ya ambata, wanda ga yawancin waɗannan motocin Toyota jan man giya ne nau'in Dexron. A ɗaga gaban mota a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe har iska ta fita, a saita akwati a tsakiya kafin a ɗaura fitman, sa'an nan a yi alayimin. Bayan mako guda ana aiki a sake duba kusoshi. Direba kuma ya guji danne sitiyari a ƙarshensa fiye da 'yan daƙiƙoƙi, ya duba launin man bayan kowace ƙetare ruwa, ya kuma tsaya kan nauyin lodin da kamfani ya rubuta, domin buhu biyar na ƙari da ake murna da kuɗinsu yau, su ne ake mayar wa mai sayar da ƙarfe gobe.