Ragin Abokai da Uwar Kuɗinku

'Ya'yana masu ƙananan sana'o'i, ku da kuka buɗe shago bana ko bara, da ku 'yan mata da matan aure masu sayar da atamfa da turaren wuta daga cikin ɗaki ta WhatsApp, da teloli da masu gyaran waya da masu ƙunshi, Allah ya yi wa nemanku albarka. Ina so mu tattauna a kan wata asara da ba a cika faɗarta a fili ba, domin masu jawo ta mutanenmu ne, waɗanda muke cin abinci tare, muke zuwa ɗaurin aure tare.

Kun san yadda abin yake. Aboki ya shigo, a gaisa, a tambayi mutanen gida, ya ɗaga kaya ya jujjuya, ya ce nawa. Ka faɗa masa kuɗin da kake sayar wa kowa. Sai ya dube ka ya ce, "Haba, har da ni?" Wani ya ce, "Ni za ka yi wa tsada?" Wani kuma kai tsaye zai ce, "Ka ba ni yadda ka saro mana." Kunya ta rufe ka, ka yi murmushi, ka ce ya kawo abin da ya sauwaƙa. Ya fita yana sa maka albarka, kai kuma ka zauna da lissafi a zuci, ranka ba daɗi.

Kada ku yi saurin ɗaukar irin wannan aboki a matsayin mugu. Mu mutane ne da suka gaji ciniki. Kasuwar Kurmi ta Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci. Kuma cinikinmu na tayi ne: mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja har a sallama, mai awo ma ya ƙara gyara a kan mudu. Wanda ya tashi a cikin wannan, neman ragi a wurinsa ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne, baƙo in ya taya ka ce masa albarka, ya ƙara ko ya wuce, ba wanda ya ji haushi. Aboki kuwa da abota yake tayawa, bakinka kuma ba ya iya ce wa abota albarka.

Sannan yawancinsu ba su san lissafinka ba, gani suke rabin kuɗin kaya riba ce. Bari mu yi misali. A ce ka saro turmin atamfa a Kantin Kwari a kan naira 20,000. Kuɗin mota da na ɗan dako da leda, da abin da ya hau kan wannan turmi na hayar shago, a ce sun kai 1,000. Kana sayarwa 23,000. Ribarka 2,000 ke nan. Abokinka ya ce ka bar masa a 21,000. A idonsa abin da ya nema bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin ba, ɗan abu kaɗan. A wurinka kuwa ribar ce ya ɗauke gaba ɗaya. In ya ce yadda ka saro, to ka biya masa kuɗin mota da dako, ka fara taɓa uwar kuɗi ke nan. Kuma matashin da ya buɗe shago, su wa suka fi zuwa masa a watannin farko? Abokai da dangi, domin bai yi wasu abokan ciniki ba tukuna. Idan rabin masu shigowa 'yan "har da ni" ne, shago zai cika da jama'a, ana ta raha, maƙwabta na cewa yaron nan kasuwa ta buɗe masa, ranar komawa sari kuma kuɗi su ƙi cika.

Shekarun nan sun ƙara wa maganar nauyi. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 a garuruwan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Naira ta faɗi a gaban dala, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. A irin wannan yanayi, kuɗin da ka saro kaya labari ne da ya wuce. Turmin da ka ɗauko 20,000 wancan watan, in ka koma ka tarar da shi 21,500, wanda ka bar wa a kan kuɗin sari ya tafi da turmi, kuɗin da ya bar maka kuma ba za su sayo maka wani ba. 'Yan kasuwa da yawa sun ga kuɗinsu na ƙaruwa a littafi, kayan da ke kan kanta na raguwa. Saboda haka kafin ka sallama wa kowa, ka tambayi kanka: nawa zan mayar da irinsa yau?

Masu sana'ar hannu kuwa naku ya fi ciwo, domin abin da kuke sayarwa ba a ganinsa a jere. Ƙawa za ta kawo ɗinki ana saura mako guda Sallah, ta ce ai zare ne kawai. Ba ta lissafa man janareta ba, da shekarun da kika yi kina koyo, da daren da za ki raba a kan keke, da ɗinkin wata mai biya cikakke da kika ture gefe domin nata. Mai gyaran waya, aboki ya ce masa "ɗan duba min," ɗan dubawar ta cinye masa rabin yini. 'Yata, lokacinki shi ne hajarki, ki sa masa kuɗi kamar yadda mai shago yake sa wa kayansa.

Na san abin da yake damun da yawanku. Kuna tsoron a ce kun zama marowata, kuna tsoron kuɗi su raba ku da mutane. Wannan tsoro mai kyau ne, ku riƙe shi. Addini ya yabi mai sauƙin hali a ciniki, hadisin yana cikin Bukhari, amma ku lura yabon ya haɗa da mai sayarwa da mai saye da mai bin bashi, ba a ɗora sauƙin a kan mai kaya shi kaɗai ba. Malamai kuma sun yi bayani cewa dukiyar mutum ba ta halatta ga wani sai da daɗin ransa, har suka yi gargaɗi a kan abin da aka karɓa ta hanyar sa mutum jin kunya. Ragin da ka yi fuska na murmushi ciki na ƙuna, ba don Allah ka yi shi ba balle ka sa ran lada, shi kuma abokin ka bar shi ya ci abin da ba ka yarda ba, bai ma sani ba. Daga nan sai ka fara jin gabanka na faɗuwa in ka hango shi tafe. Abotar da ka yi ragin domin ta, ita ce take lalacewa a hankali.

Ku tuna lokacin Hijira. Sayyidina Abubakar, wanda ba a yi aboki irinsa ba, ya tanadi raƙuma biyu, ya miƙa ɗaya ga Manzon Allah (SAW), Manzo bai karɓa ba sai a kan zai biya kuɗinta. Sahabi Jabir ma, Manzo ya sayi raƙuminsa a wata tafiya daban, da aka isa Madina ya biya shi har da ƙari, sannan ya mayar masa da raƙumin. An kammala ciniki tsaf, sannan kyauta ta biyo baya da sunanta.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan, ku raba ciniki da kyauta. Tun kafin kowa ya zo, ka zauna da littafinka ka san kuɗin da in ka sauka ƙasa da shi ka taɓa jari. Ka kuma ware wani abu daga ribar wata, gwargwadon ƙarfinka, wanda ka yarda da zuciya ɗaya ya tafi a kan dangi da abokai. In ya ƙare, sai wani watan. Shawarar da ka yanke kai kaɗai da daddare ta fi wadda za ka yanke aboki na tsaye a kanka.

Idan za ka yi ragi, ka fara faɗar cikakken kuɗin. "Kuɗinsa 23,000 ne, amma saboda kai ne na cire maka 500." Yanzu ya san an yi masa alheri, ya kuma san girmansa. In ka ce masa 22,500 kawai, zai ɗauka daga nan za a fara tayi. In kuma ba hali, ka faɗa da sakin fuska: "Yaya, ribar da ke kansa ba ta kai abin da ka nema ba. In na bar maka haka ba zan iya mayar da shi ba. Ga wani mai sauƙin kuɗi, shi ma yana da kyau." Ba sai ka yi rantsuwa ba. Ku guji "wallahi haka na saro" alhali ba haka ba ne, da "kayan ba nawa ba ne" alhali naku ne. Ƙaryar gudun kunya ta fi ragin muni, tana tafiya da albarkar ciniki, ranar da ya gano kuma abotar ta mutu da gaske.

Karrama aboki ba a ragi kaɗai take ba. Sabbin kaya in sun sauka, ka kira shi ya zaɓa kafin a tsince. Ka kai masa har gida. Ka gaya masa gaskiya cewa wannan yadin yana zuba, ga wanda zai daɗe. Mai hankali ya san wannan ya fi masa naira ɗari biyar.

Akwai mutanen da maganarsu daban ce: mahaifiyarka, wanda ya ba ka jari, wanda ya koya maka sana'a, maƙwabciyar da ke riƙe da marayu. Waɗannan in hali ya yi ka ba su kayan sukutum, ka ce kyauta ce, sannan ka zaro kuɗin daga aljihunka ka mayar a kuɗin shago, domin lissafi ya tsaya daidai. Kuma ka sa ido, ɗana. Sau da yawa mabuƙaci na gaskiya ba ya cewa "har da ni", yakan tambayi kuɗi ne ya ajiye kayan ya ce zai dawo. Mai ɗaga murya a kan ragi kuwa, wani lokaci ya fi ka samu nesa ba kusa ba. Kada kason da ka ware ya ƙare a kan masu baki, masu kunya su tafi hannu wofi.

Ƙanin ragi shi ne bashi, kuma ya fi yayansa ɓarna. "Rubuta, ƙarshen wata." "Zan turo maka in na isa gida." Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kai ma wataƙila lamuni aka ba ka kayan. Amma iyayenmu ba sakaka suka ba da shi ba. A da, a unguwar Sabo ta Ibadan, fataken Arewa sukan sayar wa mahauta shanu bashi, sai dai da maigida da ya tsaya wa cinikin, da dillalin da ya san mai saye ya san ƙarfinsa. Sama da wannan, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, da ajalinsa da shaidunsa. Don haka ka rubuta a gabansa, da ranar biya. In ya ce, "Ba ka yarda da ni ba ne?" ka ce, "Yarda ce ta sa na ba ka, rubutun saboda mantuwa ne da mutuwa." Kada bashi na biyu ya hau kan na farko. In kana da yaron shago, ya san wannan ƙa'ida, domin akwai masu jira sai ka tafi masallaci su zo su ce ai haka maigidanka yake ba ni.

Wani zai yi fushi, wannan ba makawa. Ka yi haƙuri. Kada ka kai zancensa majalisa, ke kuma 'yata kada ki ɗora habaici a waya. Zumunta a ƙafa take: ka je masa suna, ka je dubiya, ka je gaisuwa in an yi masa rashi, ya ga cewa farashi ka hana, ba kanka ka janye ba. Yawanci sukan sauko. Wanda bai sauko ba, ka ci gaba da gaishe shi. Abokin da kuma yake turo maka masu saye, kada ka manta da shi. Wannan ya yi aiki, ka ba shi la'adarsa ko ka yi masa ragi mai kauri, don ya cancanta.

Ku ma masu saye ne a shagon wasu. In ka je wurin abokinka da ya fara sana'a, ka tambayi kuɗi, ka ga yana sosa kai yana cewa "kawo ko nawa ne," ka san kunya ce ta kama shi. Ka ce masa, "A'a, nawa kake sayar wa mutane?" Ka biya shi haka a take, kada ka ce sai anjima. In kayan sun yi maka kyau, ka faɗa a gaban jama'a, ka kwatanta musu inda shagon yake.